Madarar jarirai a firji: tambayoyinku, amsar likita

Tambaya: Likita, hutun haihuwata ya ƙare. Zan iya haɗa fida uku da safe in bar wa mai raino a firji? (Wata ma'aikaciya daga Kaduna)

Amsa: Za ki iya, Hajiya, amma da sharaɗi. Ko gwangwanin sabo ne, akan samu ƙwayoyin cuta irin su Salmonella da Cronobacter a garin madara, kuma ta biyun tana iya jawo wa jariri sanƙarau. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a haɗa da tafasasshen ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 ba, wato kada ya wuce minti 30 da saukewa. Ruwa ake fara zubawa, sannan gari. Da kin girgiza, ki tsoma fidar cikin ruwan sanyi ta huce da wuri, ki kai ta can ƙuryar firji. Ban da jikin ƙofa, domin duk buɗewa ɗumi na bugun ta. Sanyin ya zama digiri 5 ko ƙasa, kuma awa 24 ce iyaka. Ki rubuta lokacin haɗawa a jikin kowace fida. In za a ba shi, a ɗumama cikin ruwan ɗumi, kada ya wuce minti 15.

Tambaya: Unguwarmu ana yawan ɗauke wuta. Yaya zan yi? (Wata mai jego daga Zariya)

Amsa: Lissafin awa 24 na firjin da bai mutu ba ne. Wanda aka ɗauke wa wuta yakan riƙe sanyi kamar awa 4 in ba a buɗe shi ba. Bayan haka a zubar. Kada ki dogara da shinshinawa, madara na iya cika da ƙwayoyin cuta ba ta yi tsami ba. Ni dai shawarata, ki haƙura da ajiya: ki zuba tafasasshen ruwa a filas don ya riƙe zafin digiri 70 ɗin nan, ki riƙa haɗawa lokacin da yaro ya nema, musamman in bakwaini ne ko bai kai wata biyu ba.

Tambaya: Ɗana yakan rage rabi, ga madara da tsada. In mayar firji? (Wani magidanci daga Maraɗi)

Amsa: A'a, Malam. Yawunsa ya riga ya shiga ciki, sanyi kuma rage yaɗuwar ƙwayoyin cuta yake yi, ba ya kashe su. Awa ɗaya da fara sha, a zubar da ragowar. Ku riƙa haɗa kaɗan, in bai ƙoshi ba a ƙara haɗa wata.