Duron a kan kogi: riƙe kuɗin shafen, ka tanadi kuɗin ranar nutsewa

Wani mai ɗaukar hoto daga Birnin Kebbi ya aiko da wannan tambaya:

"Assalamu alaikum, Malam. Shekarata shida ina ɗaukar hoto da bidiyon biki. Na kwashi adashi na haɗa da ɗan abin da na tara, ya kama naira miliyan 1 da dubu 800. Ina so in sayi jirgin nan marar matuƙi, wato duron, don yanzu duk wanda zai ba ni aiki sai ya tambaya ko ina da shi. Babban burina in riƙa ɗaukar bikin kamun kifi na Argungu da Rigata ta Yawuri daga sama. Mai sayarwa ya yi mini kuɗin ƙaramin duron na kamfanin DJI da batura uku miliyan 1 da dubu 200, ya ce in na ƙara dubu 150 zai sa a shafe cikinsa da maganin ruwa, a ɗaura masa soso a ƙafa, ko ya faɗa kogi ba abin da zai same shi. Wani kuma ya ce in sayi irin wanda aka ƙera musamman don ruwa. Wanne zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka a nema. Ƙanena, riƙe dubu 150 ɗinka tukuna.

Mai sayarwar bai ƙirƙiro maganar shafen ba. Akwai wani ruwan silikon mai kama da jan farce da ake shafa wa fanel, wato allon lantarkin da ke cikin jirgin, in ya bushe ya zama siririn rufi a kan wayoyin lantarkin. Masu haɗa duron na tsere da hannunsu suna amfani da shi sosai, domin nasu a fili fanel ɗin yake, kuma kullum cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa yake faɗuwa. Yana maganin raɓa da yayyafi. Amma naka ba irin wannan ba ne. A cikinsa akwai 'yar na'urar da ke auna nauyin iska don ya gane tsayinsa daga ƙasa, tana da ƙaramin rami da dole a bar shi a buɗe, in an toshe shi jirgin ya rikice. Akwai kafofin da iska ke shiga ta sanyaya shi. Akwai bakin batir, da ramin memori, da hannun nan mai laushi da ke riƙe kyamara ya hana ta girgiza, wanda yana cikin sassan da suka fi tsada. Babu ɗaya a cikinsu da shafe zai rufe. Ruwa ba sa'an kwando ba ne, shi kuwa ƙaramin duron kwando ne mai farfela.

Sannan daga ranar da aka kwance shi aka shafa masa wani abu, garantin kamfani ya tashi. Shi kansa garantin dama ba ya biyan ɓarnar ruwa. DJI suna da wani tsari na daban, Care Refresh, wanda ake biya a musanya maka jirgin ko da ruwa ya shiga, sai dai tsarin a ɗaure yake da yankin da aka saye shi. In jirginka daga Dubai ko Sin aka shigo da shi, tambayi mai shagon ƙarara: ranar da ya lalace, wa zai kai shi can, kuɗin wa?

Soson ƙafa kuma, ko robar ruwan da wasu ke ɗaurawa, yana da amfani guda ɗaya: ka samu gawar jirgin ka ciro memori. Wannan ba ƙaramin abu ba ne in aikin mutane yana ciki. Amma ƙananan DJI, jerin Mini, nauyinsu bai kai giram 250 ba, duk abin da ka rataya musu suna jin sa. Batir zai yi saurin ƙarewa, iska za ta samu abin kamawa, wani lokaci soson ya tare idanun da ke ƙarƙashin cikinsa. In kuma ya faɗo a karkace, sai ya kife, soso a sama, kyamara da batir a cikin ruwa. A kan tafki mai kwanciyar ruwa ana iya samun sa'a. A kogi mai gudu, kana kallo zai wuce.

Wanda aka ƙera don ruwa gaskiya ne akwai shi. SplashDrone na kamfanin SwellPro yana sauka a kan ruwa ya tashi, lambar kariyarsa IP67, ma'ana ƙura ba ta shiga kuma yana jure zurfin mita 1 na minti 30. Amma masu kamun kifi da ƙugiya aka fi yi wa shi, su kai koto can tsakiyar teku. Nauyinsa wajen kilo 2 ne, hotonsa bai kamo na DJI ba, kayan gyaransa kuma sai ka yi oda ka zauna jira. Amarya ba za ta tambaye ka ko jirginka ya iya iyo ba, fuskarta za ta duba. Manyan DJI na kamfanoni irin Matrice 30 suna da IP55, wato suna jure ruwan sama, ba nutsewa ba, kuɗinsu kuma ya ninka jarinka.

Abin da na fi so ka gane shi ne yadda duron ke ƙarewa a ruwa, domin da wuya ka ji an ce ruwan sama ne ya kayar da shi. A ƙarƙashin cikinsa akwai ƙananan kyamarori da ke kallon ƙasa, da su yake tsayawa cak in yana kusa da ita. A kan tudu suna ganin duwatsu, ciyawa, layin kwalta, su riƙe. A kan ruwa ba abin riƙewa: ko dai yana sheƙi kamar madubi, ko yana tafiya. Sai jirgin ya ɗauka shi ne ke motsi ya fara bin igiyar ruwan, ko ya kasa gane nisansa da ruwan ya yi ta saukowa a hankali, kai kuma idonka na kan waya kana murnar hoto ya yi kyau. Littafin bayanin da kamfanin ya yi masa ma ya yi wannan gargaɗi, mutanenmu ne ba sa buɗe shi. Lambar tsayin da kake gani a waya kuma daga inda ya tashi take ƙirgawa, ba daga ruwan da ke ƙarƙashinsa ba. Kada ka yarda ka sauko ƙasa da tsayin itacen giginya a kan ruwa, sai hannunka ya nuna ƙwarai.

Na taɓa tsayawa a bakin wani dam a jihar Kano ina kallon wani yaro yana ɗaukar ango da amarya. Daga cikin kwalekwale ya tayar da jirgin, suka yi gaba abinsu. Da batir ya yi ƙasa, jirgin ya yi abin da aka koya masa, ya koma daidai inda ya tashi ya sauka lafiya lau. Kwalekwalen ne dai ba ya wurin. Ba ihun da bai yi ba. Da ya san ana iya sauya wa jirgin wurin komawa zuwa inda rimot yake, ko ya danna ya katse saukar, da yanzu yana nan yana cin abincinsa da shi. Ni shawarata ma, daga tudu za ka riƙa tashi, nesa da ƙarfe, domin jirgin ruwa na ƙarfe da kankaren gada mai rodi a ciki suna rikita masa kamfas, na'urar da yake gane gabas da yamma da ita.

Sai iska. A kan faɗin ruwa ba gini ba itace, ta fi ƙarfi fiye da yadda kake ji a gaɓa. Mini 4 Pro, alal misali, kamfanin ya ce yana jure iska mai gudun mita 10.7 a daƙiƙa, yana kuma tashi na minti 34, amma wannan lissafin sabon batir ne a rana mai kwanciyar iska. In ka bi iska a tafiya, dawowa sai ka biya ninki. Fara da tunkarar iskar, ta koro maka shi gida, kuma ka juyo tun batir yana rabi. In ya kai maƙura jirgin sauka yake yi duk inda yake, ba ya shawara da kowa. Ka ƙara da zafin Kebbi: iyakar zafin da aka rubuta masa digiri 40 ne, ka fi ni sanin yadda Maris da Afrilu suke a wajenku. Batura a inuwa, ba a cikin but ɗin mota ba. Shirwa da shaho ma suna kai masa hari a bakin ruwa, in ka ga suna kewaya shi, yi sama da sauri ka dawo.

Yanzu ga lissafin, wanda shi ne ainihin abin da ka zo nema. Ka ɗauka tun yau cewa wata rana jirgin nan zai kwana a ƙarƙashin ruwa. Mu ƙaddara, don lissafi kawai, sau ɗaya a cikin aikin ruwa 40. Raba miliyan 1 da dubu 200 gida 40, ya ba ka dubu 30. To duk aikin da za ka ratsa ruwa, dubu 30 ce za ka ɗora a kan kuɗin aikinka, ka ware ta a asusun da ba na cefane ba. Wanda ya ce ba zai biya ba, ka ɗaukar masa daga gaɓa. Kuma ga wani sirri: yawancin hoton da mutane ke kira na kan ruwa, jirgin yana saman tudu ne, kyamarar aka karkata ta kalli kogin. In ka yi sama sosai da hantsi ko da la'asar sakaliya, ka sa gilashin rage ƙyalli a bakin kyamara, ba mai gane bambancin.

Dubu 600 da ta rage maka kuwa, kada ta tafi a kwalliya. Ka ajiye mafi yawanta ta zama tubalin farko na kuɗin maye gurbi. Sauran ka sayi memori masu kyau guda uku ko huɗu da farfela na sauyi. Duk saukowa ka canza memori, domin jirgi in ya nutse kuɗi ne ya tafi, amma bidiyon ɗaurin aure in ya nutse ba a sake ɗaurawa saboda kai.

Game da Argungu, ina jin daɗin burinka, amma kada ka gina jari a kansa. Biki ne babba, tun 1934 ake yin sa, UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Sai dai kwana kaɗan ne a shekara, kuma ya taɓa yin kusan shekara goma ba a yi ba kafin a dawo da shi a 2020. Shi kansa kamun kifin a Matan Fada bai wuce kamar awa guda ba, dubban masunta da gora da koma sun cika kogin maƙil. In jirginka ya faɗo a nan, ba ruwa zai tarar ba, kan mutum zai tarar, farfela tana juyawa. Ga manyan baƙi, ga jami'an tsaro. Ba wurin da za ka zaro jirgi daga jaka ka saki ba ne, sai da izinin masu shirya bikin a rubuce, kuma ba wurin koyo ba ne, ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da zai dawo maka da kuɗinka shi ne bikin aure, hawan salla, masu sayar da filaye, da manoman shinkafa na fadamar Kebbi masu son ganin iyakar gonarsu ko nuna ɓarnar ambaliya ga wanda ya ba su bashi. Yi wata uku kana tashi a filin ƙwallo kafin jirgin ya ga kogi.

Maganar hukuma kada ka raina ta. Tun 2016 hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama ta ce ba a tayar da irin wannan jirgi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kai kuma neman kuɗi za ka yi da shi, ba wasa ba. A farkon 2025 sojoji sun hana tashinsa a Arewa maso Gabas. Dam, gada, bariki da filin jirgi wurare ne da ake sa ido, ko da ka ga wasu suna yi. Sa kuɗin rajista a lissafinka, ka nemi rasit mai lambar jirgin daga mai shago. Jirgin da aka ƙwace da wanda ya nutse, a aljihunka duk ɗaya ne.

In ƙaddara ta faɗa ka tsamo shi, cire batir nan take, kada ka kunna don ka ga ko yana aiki, kunnawar ce ke ƙone fanel. Ɗauraye laka da ruwa mai tsabta, ka kai wa mai gyaran waya da ya san hannunsa ya kwance ya wanke da sipirit ɗin fanel, a bar shi kwanaki ya bushe. Tura shi cikin buhun shinkafa ba ya cire laka ko tsatsa. Batirin da ya sha ruwa kuma ya gama aiki, ajiye shi a waje kan yashi nesa da ɗaki, domin irinsa yana kumbura ya kama da wuta.

Abokan sana'a za su zo neman haya, wannan ba makawa. A fiƙihu abin haya amana ne a hannun wanda ya karɓa, ba ya biya sai an tabbatar ya yi sakaci, kai kuma ba ka wurin lokacin da abin ya faru. Saboda haka ko dai ka bi jirginka ka tuƙa da hannunka a biya ka kuɗin yini, ko ku rubuta a gaban shaidu biyu cewa ba a yarda ya ratsa ruwa da shi ba, in ya ratsa ya nutse, biya ya hau kansa.