Tambaya da Amsa: Ɗana Ya Dawo Hutu da Musu a Baki

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni uwa ce daga Katsina. Ɗana mai shekara 15 yana makarantar kwana a Abuja, irin waɗanda ke bin manhajar Ingila. Duk hutun da ya dawo sai in ga ya ƙara sauyawa: komai aka faɗa sai ya nemi dalili, har a gaban baffanninsa, kuma Hausarsa ta fara cakuɗewa da Turanci. Kullum zancensa IGCSE, jarrabawar da ake zanawa a manhajar tasu, ban taɓa jin ya ambaci WAEC ba. Mahaifinsa ya ce a cire shi. Mece ce shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya raya mana shi. Neman dalilin nan da kike gani, yawancinsa daga aji ya samo shi. A tsarin Cambridge, hukumar jarrabawa ta Ingila da IGCSE ke ƙarƙashinta, ɗalibi ba ya samun maki mai yawa a darussa irin su tarihi da adabi don ya haddace abin da malami ya faɗa. Ana so ya kawo hujja, ya auna ra'ayi biyu, sannan ya faɗi nasa. Yaron da ya shafe wata uku ana yaba masa a kan haka, ba zai ajiye ɗabi'ar a bakin zaure ba. Abin da makarantar ba za ta koya masa ba shi ne inda ake yin tambayar da yadda ake yin ta, kuma wannan aikinku ne na gida. Ki kira shi ɗaki, ku biyu, ki nuna masa cewa idan baffansa yana magana ana durƙusawa a saurara, tambayar kuma a riƙe ta sai an tashi. Kada a yi masa faɗan a gaban ƙannensa, domin yaro mai wannan shekaru kunya ke sa shi taurin kai. Cakuɗa harshe kuwa ba ya tayar mini da hankali matuƙar ana yi masa Hausa a gida, ana aika shi gaida dangi, yana kuma komawa Islamiyya lokacin hutu.

Abin da ya fi cancantar damuwarki shi ne jarrabawa, kuma nan ne iyaye da yawa suke farga bayan lokaci ya ƙure. Ana zana IGCSE a ƙarshen aji na 11 a lissafin Ingila, yaro yana kusan shekara 16, kuma ba ita ce ƙarshen sakandare ba a tsarin Ingila: bayanta akwai shekara biyu na A Level, wato karatun share fagen shiga jami'a, ko kuma difloma ta ƙasa da ƙasa da ake kira IB mai darussa shida, kafin jami'o'in can su ɗauki ɗalibi kai tsaye. Duk wannan kuɗi ne, kuɗin jarrabawar ma yana bin farashin canji. Idan kuwa niyyarku ya yi karatu a gida, misali a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, to sai ya zauna jarrabawar JAMB mai darussa huɗu, kuma ya mallaki kiredit biyar har da Turanci, da kuma lissafi idan fannin kimiyya zai karanta. Hanya mafi kwanciyar hankali ita ce ya haɗa da WAEC ko NECO. Mai son likitanci dole ya riƙe fizis da kemistiri da bayoloji gaba ɗaya, alhali tsarin IGCSE yana barin yaro ya zaɓi darussa tun yana 14, wani ya ajiye ɗaya daga ciki ba tare da iyayensa sun sani ba.

Saboda haka ban ga dalilin cire shi a tsakiyar manhaja ba, domin zai koma wani tsarin da ba a shirya shi a kai ba. Kafin ya koma makaranta, ki sa ya rubuto miki darussan da yake ɗauka, sannan ke da mahaifinsa ku nemi ganin shugaban makarantar, ku tambaya ko suna yi wa ɗalibai rajistar WAEC, a wane aji, da kuma wanda zai koyar da sassan manhajar Najeriya da ta Cambridge ba ta taɓo ba.