Tambayi Mushe: Zaren gilashin bakin kwalta da injin fasa zarra

Wasiƙu uku na zaɓa a wannan makon, don na ga duk igiya ɗaya ta ɗaure su. Masu tambaya a kan husufin wata su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Mushe, ni mai gyaran salula ne a babbar kasuwar Maradi. Na ga igiyar da ake binnewa a bakin kwalta, aka ce mini babu jan ƙarfe a cikinta, wai gilashi ne. Ta yaya gilashi zai ɗauki murya da hoto? Kuma in haske ne ke gudu a ciki, me ya sa rezo ke yi mana nawa?

AMSA: Ɗana, gaskiya aka faɗa maka, kuma ka isar wa masu tonon dare cewa wahalar banza suke, babu abin kai wa ƴan gwangwan a ciki.

Kafin dogon bayani, ga abin da za ka gwada a gida. Ka sami gorar roba wadda ake ganin cikinta, ka huda ta da ƙusa kusa da gindi, ka toshe da yatsa, ka cika ta da ruwa. Ka ari tocilar leza ta yara, mai ɗigon jan haske. A ɗaki mai duhu ka haska daga bayan gorar daidai saitin hujin, sannan ka ɗaga yatsa. Ruwan zai fito ya lanƙwasa zuwa ƙasa, hasken kuma, maimakon ya wuce ya bugi bango, sai ya bi lanƙwasar, ka ga jan ɗigo na rawa a gindin kwanon da ka tara. Duk lokacin da ya zo fita, gefen ruwan na mayar da shi ciki kamar madubi. Ranar da na fara nuna wannan a aji ban rufe tagogi da kyau ba, ɗalibai ba su ga kome ba sai jiƙaƙƙen wandon Mushe. Kai ka bari sai bayan isha'i.

Zaren gilashi haka yake aiki. Kaurinsa bai wuce na gashin kai da yawa ba, kashi 125 cikin dubu na milimita, hanyar hasken da ke tsakiyarsa kuwa kamar kashi 9 ce kacal. Leza na aika saƙo daga wannan baki, wata ƴar na'ura na karantawa a wancan, kamar mai kalangu da mai jin takensa.

Abin da ya daɗe yana hana ruwa gudu shi ne dattin gilashi. Ka leƙi gilashin taga ta gefensa, za ka gan shi kore: ɓurɓushin ƙarfe ne ke shanye haske. A 1966 wani injiniya ɗan asalin Sin mai aiki a Ingila, Charles Kao, da abokin aikinsa George Hockham, suka nuna cewa laifin na dattin ne, ba na gilashin ba. A 1970 kamfanin Corning na Amurka ya ƙera zaren da ya kai tsabtar da suka faɗa, Kao kuma ya sami kyautar Nobel a 2009. Zaren yau, sai haske ya yi wajen kilomita 15 kafin rabinsa ya salwanta. Duk da haka yana gajiya, shi ya sa a kowace kilomita 80 zuwa 100 ake sa na'urar da ke ƙara masa ƙarfi.

Sai dai ƙara ƙarfi ba ya gyara kalma. Ka taɓa saurarar wa'azi daga nesa, lasifika uku na jefo maka murya ɗaya, wannan ta riga wannan isowa, har kalmomi su hau juna? Haka ke samun haske. Kowane bugu da leza ta aika yana da ƴan launuka masu kusa da juna, kuma gudunsu a cikin gilashi ba ɗaya ba ne. Sun tashi tare, amma bayan ɗaruruwan kilomita wani ya yi gaba, wani ya yi baya, bugun ya baje ya shiga gonar maƙwabcinsa. A da, da wani zare na musamman ake gyara wannan. Daga wajen 2008 aka koma ga lissafi: wani guntun kwamfuta a wurin karɓa yana auna yadda hanya ta ɓata saƙon, ya yi lissafin da baya, ya mayar da kowane bugu gurbinsa. Mai aikawa kuma yakan haɗa da wasu ƙarin lambobi, kamar yadda ɗan kasuwa ke rubuta jimilla a ƙarƙashin lissafi, don in wata lamba ta goge a gano ta. Binciken da ake ta yi a jami'o'i da kamfanoni yanzu yawancinsa a nan yake: yadda za a cusa launuka 80 ko fiye a zare ɗaya, a kuma tsamo kowanne daga cikin hayaniya.

To nawar rezo fa? Ba daga hasken take ba. A cikin gilashi yana cin kilomita kusan 200,000 a sakan ɗaya, daga nan zuwa Yamai bai kai ƙiftawar ido ba. Amma zaren bai shigo salularka ba, a gindin antan ya tsaya, kuma duk unguwa ke rabon antan ɗin nan, ga ɗaukewar kuran. Sannan ƙasarmu ba ta da teku, sai mun ratsa ƙasashen maƙwabta kafin mu kama manyan igiyoyin ƙarƙashin ruwa. Ka tuna ranar 14 ga Maris 2024, cikin azumi, da huɗu daga cikinsu suka lalace a gaɓar Kodebuwa, ƙasashen yammacin Afirka da dama suka shiga wahala.

Wani lokacin kuma ƙaramin abu ne. Na taɓa tsayawa kan wani saurayi yana ɗinke zaren da masu haƙar lambatu suka datse. Ya zauna a inuwar bedi, ya feƙe rigar zaren, ya goge da auduga da alkol, ya yanke bakin da wata ƴar na'ura, ya jera bakunan biyu a cikin akwati mai ɗan allo. A allon suka fito manya kamar sanduna biyu suna matsowa, wuta ta yi tartsatsi, suka zama ɗaya. Sau uku yana sakewa, saboda iskar hunturu na sa masa ƙura. Ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta toshe hanyar da faɗinta kashi 9 ne.

TAMBAYA: Baba Mushe, ni ɗaliba ce a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankolodo. Malaminmu ya ce masu fasa ƙwayar zarra a Turai ma da wannan zaren suke aiki. Na kuma ji an ce sun taɓa gano abin da ya fi haske gudu. Da gaske ne?

AMSA: Ƴata, na farkon gaskiya ne, na biyun kuwa labari ne da nake jin daɗin bayarwa.

Wurin sunansa CERN, kusa da birnin Janiba, a kan iyakar Suwizalan da Faransa, an kafa shi a 1954. Babban injinsu, LHC, zobe ne mai kewayen kilomita 27, kusan ki je Tsibiri ki dawo, a binne wajen mita 100 ƙarƙashin ƙasa. Ana koro furoton, wato ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke tsakiyar zarra, wasu ta dama wasu ta hagu, suna kewaya zoben sau 11,000 da ƴan kai a sakan ɗaya, sannan a gwara kansu. Daga tarkacen karon ake karanta abin da aka gina duniya da shi. Ta haka aka tabbatar da ƙwayar Higgs, wadda ke bayyana yadda ƙananan ƙwayoyi ke samun nauyi, aka sanar ranar 4 ga Yuli 2012.

Ga inda zare ya shigo. Tawagogin furoton na haɗuwa sau miliyan 40 a kowane sakan. Na'urar da ke kallonsu, irin su ATLAS mai tsawon mita 46 da nauyin tan 7,000, tana da miliyoyin idanu, kuma abin da suka gani dole a fitar da shi zuwa ɗakunan kwamfuta da ke bayan katanga mai kauri, don tururin nukiliya da karon ke fitarwa yana lalata kayan lantarki. Dubban zaruruwa ne ke wannan jigila. Su ma tururin na dusashe su a hankali, gilashin ya yi duhu, shi ya sa ake ta binciken irin haɗin da zai jure. Babu rumbun da zai ɗauki duk abin da ke fitowa, saboda haka sai shiƙa, kamar mace da faifai a masussuka: matakin farko ya rage miliyan 40 zuwa kamar 100,000, na biyu ya bar dubu ɗaya ko ƴan dubbai. Sauran sun bi iska har abada. Kuma dole kowane saƙo ya zo da lokacinsa daidai, tunda tsakanin karo da karo nanosakan 25 ne. Nanosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan dubu na sakan. A cikinsa haske na tafiyar santimita 30, tsawon rular ƴan lakwal.

Yanzu labarinki. A watan Satumba 2011, masu wani gwaji da ake kira OPERA suka ce sun auna nutirino, wasu ƙwayoyi masu ratsa ƙasa da dutse ba tare da sun tsaya ba, da aka harbo daga CERN, suka ratsa ƙasa kilomita 730 zuwa ƙarƙashin dutsen Gran Sasso a Italiya, kuma sun iso da nanosakan 60 kafin lokacin da haske zai iso. Duniya ta ɗauka, jaridu suka ce Einstein, masanin da ya ce babu abin da zai fi haske gudu, ya faɗi. A yi wa masu gwajin adalci: su da kansu ba su ce haka ba, cewa suka yi mun duba mun rasa kuskurenmu, ku zo ku taya mu nema. A watan Fabrairu 2012 aka gano. Zaren gilashin da ke kawo lokaci daga na'urar GPS da ke sama zuwa agogonsu na ƙarƙashin dutse, ba a murɗa bakinsa ya zauna sosai ba. Hasken na isowa da rauni, na'urar na jinkirin ganinsa, agogon ya koma baya. In agogon tashar Yamai na baya da awa ɗaya, ai kowane direban Maradi zai zama gwanin gudu. An kuma sami wata matsalar a agogon kansa. Da aka gyara aka sake awo, nutirino bai wuce haske ba.

Ni ban ga abin dariya a nan ba, ko da yake na yi dariyar. Mutum fiye da ɗari, duk masu manyan digiri, abin da ya kayar da su shi ne abin da saurayin nan na gindin bedi ke kaffa-kaffa da shi. In kina son wannan fanni, ƴata, ki riƙe lissafi da kyau, amma ranar aikin hannu a labo kada ki bar wa maza na'ura ke ki tsaya rubuta sakamako.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwa ne a unguwar Zariya. Wannan uban kuɗi da Turawa ke binnewa a rami, ina ribarsa?

AMSA: Ranka ya daɗe Alhaji, ƙwayar Higgs ba za ta rage kuɗin tiyar gero ba, kuma ba zan yi maka ƙaryar cewa za ta rage ba. Neman sani ne ya kai su. Amma a CERN ɗin nan ne wani Baturen Ingila, Tim Berners-Lee, ya tsara shafukan yanar gizo a 1989, don masana su riƙa musayar takardu, a 1993 kuma aka sake su kyauta ga kowa. Da su yaronka ke duba farashin kaya kafin ka yi oda. Akwai kuma wata dabarar daidaita agogo ta cikin zaren gilashi da suka ƙirƙiro don injinsu, White Rabbit, wadda kuskurenta bai kai nanosakan ɗaya ba. Kasuwar hannun jari ta Faranfot a Jamus ta ɗauke ta, don a san odar wa ta riga shiga.