Kafin ka biya kuɗin kwamfutar tace bidiyo

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina ɗaukar bidiyon biki da suna a Zariya, na gaji da kai wa wasu su tace mini. An nuna mini laftof ta hannu, Core i7, RAM 8GB. Mai shago ya ce babu aikin da ba za ta ja ba. In biya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka biya tukuna. Sunan i7 ya sa mutane da yawa sun yi asarar kuɗinsu, kuma abin yana damuna. i7 sunan furosesa ne, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. Koma ka duba lambar farko da ke biye da sunan, ita ke nuna zamanin furosesan. i7-6600U zubi na 6 ne, ƙwayoyin aiki (cores, sassan da ke raba aikin a tsakaninsu) 2 kacal gare shi. Shi kuwa i5-8250U zubi na 8 ne mai ƙwayoyi 4, kuma zai riga wancan gama fitar da bidiyo duk da sunansa ya fi ƙanƙanta. Ga kuma Windows 11 ba ta karɓar yawancin furosesan Intel da ke ƙasa da zubi na 8, Microsoft kuwa ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025.

RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, in 8GB ne zai buɗe manhajar tace bidiyo ta Premiere Pro, amma da ka jera bidiyon kamu da na ɗaurin aure ka sa waƙa a ƙasa, sai ta fara cijewa. Nemi 16GB, in kana ɗaukar bidiyo mai tsananin kaifin hoto na 4K kuma 32GB. Ka tambaya ko ana iya ƙarawa, don a wasu siraran laftof da MacBook masu M1 a manne yake, yadda ka saya haka za ka zauna da shi.

Ma'ajiya ta zama SSD, wato mai sauri marar faifai mai juyawa, 512GB ko fiye. Tsohon hard disk mai juyawa ka bar shi don adana aikin da ka gama.

Katin hoto (graphics card), wato sashen da ke sarrafa hoto da bidiyo, ya danganta da manhajarka. DaVinci Resolve ta dogara da shi sosai, don haka nemi na Nvidia, kamar RTX 3060 mai 6GB. Mai yanka da haɗawa a CapCut zai iya lallaɓawa babu shi.

Ranar saye, tafi da bidiyonka a filashi, ka sa ta fitar da na minti 10 a gabanka. Ka saurari fanka, ka taɓa ƙasanta. Wadda ta yi zafi a shago, a watan Afrilu gudunta zai ragu sosai.

Tambaya: Malam, tawa tsohuwa ce kuma babu halin sauyawa yanzu. Akwai dabara?

Amsa: Akwai. Kunna tsarin furoksi a manhajarka. Zai yi maka ƙananan kwafin bidiyon ka yi aiki da su cikin sauƙi, lokacin fitarwa kuma ya koma kan na asali. Sannan ka kai a share mata ƙura daga fanka, a sauya man rage zafi da ke kan furosesa.