Ta yaya zan yi wa malamar ɗana bayanin ADHD da Japananci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna zaune a birnin Nagoya na ƙasar Japan, maigidana yana karatu a nan. Ɗanmu yana aji biyu na firamare, kuma likita ya tabbatar yana da ADHD, larurar nan ta rashin natsuwa da kasa tattara hankali wuri guda. Japanancina bai wuce na cefane ba. Me zan ce wa malamarsa? Sannan wata 'yar'uwata za ta zo daga Amurka, ko ta taho mana da magani?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya shi.

Sunan da za ki gani a takardar likita shi ne 注意欠如・多動症, ana karanta shi chūi ketsujo tadōshō. Likitoci sun koma kansa a 2014. Tsofaffin takardu suna ɗauke da chūi kekkan tadōsei shōgai. Kada ki wahalar da kanki wajen haddace su. Malamai da iyaye haruffan kawai suke faɗi, ē-dī-eichi-dī. Kalmar da za ki yawaita ji ita ce hattatsu shōgai, sunan da ya haɗa ADHD da sauran larurorin girman yaro, kuma akwai dokar tallafa wa masu su da ta fara aiki a watan Afrilun 2005.

Shawarata ita ce kada ki fara da sunan larurar. Malamar aji, wadda suke kira tannin, ta fi son ta ji abin da ke wahalar da yaro a aji da abin da za ta iya yi a kai. Ki rubuta a renrakuchō, littafin nan da ke kai-kawo a jakarsa tsakanin gida da makaranta: Musuko no koto de sōdan ga arimasu, wato ina neman shawara game da ɗana. Kalmar sōdan tana sanyaya zance ƙwarai, don ta nuna ba ƙorafi kika kawo ba.

Idan kun zauna, sai ki ce ADHD to shindan saremashita, likita ya tabbatar. Daga nan ki kawo abin da ido ke gani. Wasuremono ga ōi desu: yana yawan manta kayansa, yau fensir, gobe takalmin shiga aji. Jitto suwatte iru no ga nigate desu: zama wuri ɗaya yana masa wuya. Ki lura da nigate, tana nufin abu yana ba shi wahala, ba wai ya ƙi yi ba. Mu da muka saba cewa yaro ba ya ji ko ƙiriniya ta yi masa yawa, a nan muke zamewa, mu kai ƙarar ɗanmu da bakinmu. Haka kuma ki guji byōki, cuta. Malamai da likitoci tokusei suke cewa, yanayin halittar yaro.

Sai roƙo: Seki o mae ni shite itadakemasu ka, ko za a dawo da kujerarsa gaba? Irin wannan sassauci sunansa gōriteki hairyo, kuma tun 2016 doka ta wajabta shi a kan makarantun gwamnati. Ki kuma tambayi tsūkyū, inda yaro ke fita na 'yan sa'o'i a mako ya sami horo na musamman, ya dawo ajinsa. Tun 2006 aka shigar da masu ADHD cikin tsarin.

Batun magani kuwa, ki hana 'yar'uwar taki tahowa da shi. Adderall, wanda ya zama ruwan dare a Amurka, haramtacce ne a Japan ko da takardar likita, kuma ana kama mutum a kansa. Waɗanda likitocin Japan ke rubuta wa yara su ne Concerta, Strattera, Intuniv da Vyvanse. Concerta da Vyvanse sai likita mai rajista ta musamman, kuma za a ba ɗanki kati da za ki riƙa nunawa duk lokacin karɓa.