Amsa ga mai neman finafinan tsufa don ya kalla da mahaifinsa

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka tun shekaranjiya, inda ka ce mahaifinku ya aje aiki, ciwon ƙafa ya fara hana shi fita, yana wuni shiru a gida can Yamai, kana neman finafinan da suka shafi tsufa da rayuwar dattawa don ku riƙa kallo tare. Allah ya ƙara masa lafiya, kai kuma ya yi maka albarka. Na lura ƴan'uwa da dama sun ba ka sunan Baghban, shi ya sa na ga ya dace in sa baki, domin na yi shekara tara ina zaune da iyayena a nan Tawa a ƙarshen rayuwarsu, kuma kallo bayan sallar isha'i yana cikin abubuwan da muka riƙa rage dare da su.

Ni ma da Baghban na fara. Fim ne na Indiya na shekarar 2003, Amitabh Bachchan da Hema Malini suka fito a matsayin miji da mata waɗanda ƴaƴansu maza huɗu suka raba su bayan uban ya aje aiki, wannan ya ɗauki uwa, wancan ya ɗauki uba, sai ɗan riƙo ne ya san darajarsu. Ni da ƙannena mata muka sha kuka, Baba kuwa bai ce uffan ba har aka gama. Da na tashi zan kashe talabijin, sai ya ce mini: "Wato kun kawo mini wannan ne don in ga abin da ba ku yi mini ba, in gode muku?" Kunya ta rufe ni, domin ban yi nufin haka ba, amma haka fim ɗin ya sauka a kunnensa. Tun daga daren na gane cewa irin wannan labari wa'azi ne ga ƴaƴa, kuma dattijon da aka zaunar gabansa sai ya ji kamar ana tuna masa cewa yanzu a hannun wasu yake. Ku kalle shi ku ƴaƴa, ya yi muku amfani, amma kada ka fara da shi.

Wanda ya buɗe bakin Baba shi ne Mandabi, na Ousmane Sembène ɗan Senegal, wanda aka yi da harshen Wolof a 1968. Labarin wani magidanci ne a Dakar mai suna Ibrahima Dieng, mai mata biyu, ba shi da aiki, sai ɗan ƴar'uwarsa ya aiko da manda, wato takardar karɓar kuɗi a gidan waya, ta jika 25 daga Paris. Gidan waya suka ce sai da katin ɗan ƙasa, wajen yin katin aka ce sai da takardar haihuwa da hoto, kafin ya ga ko dala, maƙwabta sun ji labari sun yi masa caa da roƙo, gida kuma ya ci bashi a kan kuɗin da bai shigo ba. Baba ya yi shekaru yana fataucin albasa zuwa Abidjan, kuma shi ma takardarsa ba ta da rana ko wata, an dai rubuta an haife shi wajen 1934. Ya yi dariya har da tari, yana nuna mutumin da sandarsa yana cewa ya san irinsa goma a kasuwa. Daga nan muka yi dare uku yana ba mu labarin mandar da ya riƙa aiko wa kakarmu, da mai rubuta wasiƙa da ke zama a bakin gidan waya, da yadda duk unguwa take sanin an aiko kuɗi tun kafin mai su ya sani. Rabin waɗannan labarai ban taɓa jin su ba, alhali ina da shekara hamsin a lokacin. Abin da ya kama shi, a ganina, dattijon cikin fim ɗin mutum ne mai girman kai da wauta da kirki a haɗe, yana da tasa rigimar, ba a kawo shi don a ji tausayinsa kawai ba.

Inna kuma Yaaba ne nata, na Idrissa Ouédraogo ɗan Burkina Faso, na shekarar 1989. Wata tsohuwa ce mai suna Sana, ƙauye ya laƙa mata maita, tana zaune ita kaɗai a bayan gari, sai wani yaro Bila ya shaƙu da ita yana kiranta yaaba, wato kaka da harshen Mosawa. Da ƴar'uwar yaron ta kwanta rashin lafiya, tsohuwar da ake gudu ita ce ta tafi nemo magani. Ina karanta fassarar Faransanci da ke ƙasan hoto ina mayar wa Inna da Hausa, ba a yi nisa ba ta ɗaga mini hannu ta ce in yi shiru, tana gani da idonta. Lallai maganar fim ɗin kaɗan ce, kuma ƙasar, da rumbuna, da tulun ruwa, duk irin namu ne na Adar. Da aka gama ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ambaci sunan wata tsohuwa ta ƙauyensu wadda su ma suna yara suka riƙa jifa, ta ce matar ba ta da laifin kome sai rashin ɗa da rashin dangi a kusa. Washegari ta sa aka yi mata sadakar fura. Idan mahaifinku tashin ƙauye ne, wannan zai shige shi ba tare da ka wahala da fassara ba.

Akwai wanda ya fi kusa da halin da ka bayyana, amma ina so ka fara kallonsa kai kaɗai. Sunansa Un homme qui crie, na Mahamat-Saleh Haroun ɗan Chadi, wanda ya sami kyautar alƙalai a bikin Cannes na 2010. Adam tsohon zakaran ninƙaya ne da ke kula da wurin wanka na wani otal a Njamena, sababbin masu otal suka ba ɗansa aikin, shi kuma aka mayar da shi mai gadin ƙofa. Ban ga fim ɗin da ya nuna zafin da namiji yake ji ranar da aka ce an gode masa ya huta kamar wannan ba, sai dai abin da uban ya aikata wa ɗan daga baya yana da nauyi ƙwarai, kuma kai ka san zuciyar mahaifinka fiye da mu.

Na Turawa guda biyu da za a yi ta ambata maka, Amour na 2012 da The Father na 2020, kada ka kai su gabansa. Na farkon ya ƙare da abin da addininmu bai yarda da shi ba. Na biyun kuwa, wanda Anthony Hopkins ya ci kyautar Oscar da shi yana da shekara 83, na masu jinya ne, domin an shirya shi yadda mai kallo zai ruɗe kamar yadda mai gigin tsufa yake ruɗewa: ɗaki ya sauya, fuskar ƴa ta zama ta baƙuwa, agogo ya ɓace ya ce an sace. Inna ta yi wannan lalura shekara biyu kafin rasuwarta, kullum tana kwance haɓar zanenta tana cewa an ɗauke mata kuɗi, ni kuma ina ta kawo mata hujja har raina ya ɓaci. Sai bayan ta rasu na ga fim ɗin, na gane cewa tsoro ne yake sa ta magana, kuma zama kusa da ita ya fi kowace hujja da na kawo. Da na gan shi da wuri, da na rage musu da ita.

Na gida kuwa, ka nemi Al'lèèssi na Rahmatou Keïta, wanda ya bi rayuwar ƴar wasan fim Zalika Souley bayan girma ya zo mata. Zalika ce ta fito tun 1966 a fim ɗin Moustapha Alassane, wanda ya zauna a nan Tawa shekaru masu yawa, kuma duk wanda ya yi samartaka a Yamai lokacin da gidajen sinima ke cika ya san fuskarta. Ganin yadda ta ƙare cikin ƙuncin rayuwa yana da ciwo, amma ina kyautata zaton mahaifinku zai tuna gidan sinimar da yake shiga da kuɗin tikitin zamaninsu. Finafinanmu na Hausa ne ban iya ba ka suna ba, domin a yawancin waɗanda na gani, dattijo yana shigowa ne ya sa albarka ko ya ce bai yarda da auren ba, daga nan sai a koma kan samari, kamar mai furfura ba shi da sauran labari nasa.

Game da zaman kallon, ka raba fim biyu, rabi yau rabi gobe, domin tsoho ba ya jure awa biyu a zaune. Kada ka fassara kowace magana, kuma idan ya fara ba da labari ka tsayar da fim ɗin ko da a tsakiya ne. In da hali ka ɗauko masa wani sa'ansa. Mu wani abokin fataucin Baba muke ɗaukowa a kan babur ranar Alhamis, su biyun su zauna a tabarma ɗaya da butar shayi, kuma Mandabi sau huɗu suka sa na maimaita musu, kowane karo suna gardama a kan ko Ibrahima Dieng wawa ne ko mutumin kirki, har Baba ya rasu ba su daidaita ba.