Zan tafi karatu Ingila, yaya zan yi da cefane da abinci?

Tambaya: Salam Anti. Ni ɗan Jos ne, a Unguwar Rogo nake, na samu gurbin digiri na biyu a Manchester, watan Satumba zan tafi in sha Allah. Gaskiya ban iya girki ba in ba indomie da ƙwai ba, kuma ana ta tsorata ni wai abinci tsada, wai naman halal wahalar samu. Mama har ta fara haɗa min kilishi da man shanu. Me zan ɗauka, kuma ina zan dinga cefane?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka a karatun. Bari in fara da kilishin nan tun kafin Mama ta ƙara kashe kuɗi, dan Allah ka lallaɓa ta ta ajiye, domin dokar Birtaniya ta hana shiga da nama da duk abin da aka yi da madara daga Najeriya, kilishi, dambun nama, man shanu, fura da nono duk layinsu ɗaya, in aka gani a filin jirgi ƙwacewa za a yi. Ku cinye abinku a gida ranar sallama.

Abin da ya kamata ya shiga akwatinka shi ne abu mara nauyi da ke ba miya sunanta. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yajin ƙuli, kanwa kaɗan. Ka shiga kasuwar Katako ko Terminus da Mama a daka, a tankaɗe, a ƙulle a leda biyu biyu a rubuta suna. Kukar ce ma na fi jaddadawa, don abin da za ka gani a shagunansu da sunan baobab garin ɗan kuka ne ba ganyen ba, miya ba za ta yi da shi ba. Kuma kai ɗan Jos, ka sa acca ko mudu ɗaya ne, can fonio suke ce mata, a 'yar ƙaramar leda ake sayarwa da tsadar da za ka riƙe baki, ranar da kewar gwate ta kama ka za ka gode min. Shinkafa da taliya kuwa kar ka wahalar da kanka, suna nan birjik.

Toh cefane. Kuskuren da yaranmu ke yi, ni ma na yi shi watan farko, shi ne su tare a shagon 'yan Afirka don nan ne ido ya saba, doya ɗaya, manja, garri, Maggi, sai ka ga kuɗin sati ya tafi. Raba cefanenka gida uku. Ƙwai, madara, burodi, albasa, dankali, tumatirin gwangwani, man girki, waɗannan sai manyan kantunan Aldi ko Lidl, su ne masu sauƙi. Nama da kayan ƙamshi shagon 'yan Pakistan, kuma ka yi sa'ar gari, Manchester akwai Rusholme kan titin Wilmslow kusa da jami'a, akwai Cheetham Hill da Longsight, mahauta Musulmi ne jere, ka ce a yanka maka kaza ko rago yadda kake so, wasu ma za ka ga tambarin HMC, ƙungiyar da ke tantance naman halal, a ƙofa. A nan ne za ka gane ashe abincinmu na nan da wani suna: garin gero bajra, dawa jowar, tsamiya imli, kuɓewa bhindi, attaruhu kuma scotch bonnet. Garin shinkafarsu na yin tuwo sumul. Shagon 'yan Afirka sai manja da abin da babu a wani wuri.

Ka daina juya fam zuwa naira a gaban kanta, in ka biye wa wannan lissafin yunwa ce za ta kashe ka da kuɗi a aljihu. Ƙaramin rubutun da ke ƙasan farashi za ka duba, wanda ke nuna nawa ne kilo ɗaya, shi ke tona asirin wanne ya fi araha. Da yamma kuma suna manna takarda ruwan ɗorawa a kan kayan da ranarsu ta kusa su karya farashi, babu kunya a ciki, Turawan ma layi suke yi. Sai dai ka san bambanci, in an rubuta "use by" to kar ka ci bayan ranar sai in ka daskarar kafin ta wuce, "best before" kuwa ɗanɗano ne kawai ke raguwa. Alawa da kayan zaƙi ka karanta bayan leda, gelatine ɗin ciki, wani sinadari da ake yi daga fata da ƙashin dabba, sau da yawa na alade ne, in ka ga an rubuta ya dace da masu cin ganyayyaki ka huta da wannan, sai dai ka duba giya. Ka tafi da jakarka don leda ma saye ake, da fam ɗaya na ƙarfe da za ka sa kafin ka ciro amalanken kanti, kuma ranar Lahadi manyan kantuna awa 6 kawai suke buɗewa, wasu ƙarfe 4 sun rufe.

Maganar rashin iya girki kuwa ban karɓi uzurin ba, tsakanin yanzu da Satumba ka shiga kicin Mama ta koya maka miyar jajjage, dafa-duka da miyar kuka. Miya tukunya guda ranar Asabar, ka raba a robobi ka sa a firiza, ta kai ka sati. Amma kar ka soya manja har ya yi hayaƙi kamar a gida, ni na taɓa yi a hostel, ƙararrawar gobara ta tashi, duk ginin muka fito waje cikin sanyi ana kallona da ludayi a hannu. Daddawa kuma ka rufe ta a kwalba, kicin ɗin na tarayya ne.

Sai bitamin D, wanda jiki ke samu daga hasken rana. Kar ka ce ai ka saba da sanyin Jos, Jos akwai rana, can kuwa a Disamba kafin ƙarfe 4 magariba ta yi. Hukumar lafiyarsu NHS na ba da shawarar maikurogiram 10 kullum daga Oktoba zuwa Maris, mu masu baƙar fata ma an ce mu duba sha duk shekara. Ana samu a kanti ba sai da takardar likita ba, ka nemi wanda ba a yi ƙwayar da gelatine ba. Ka gaida min Mama, ka ce ta ƙara kukar.